Yadda za ku rage ma yaro mai lalurar ƙwaƙwalwa ko ta gaɓɓai jin ciwo, cikin gida da waje

Assalamu alaikum iyaye da 'yan uwa. Bayanin ga na masu riƙon yaron da Allah Ya jarrabta da lalura ne tun yana ƙarami, wanda bai yi magana da wuri ba, ko wanda jikinshi ke sanƙarewa har bai iya zama da kanshi, ko mai farfaɗiya, ko mai otizim da ba ya waiwayowa in an kira sunanshi, ko mai trizomi 21, wato lalurar da ake haihuwar yaro da ita mai sa jinkirin girma da koyo, ko wanda ƙiriniyarshi ta wuce ta sa'o'inshi nesa ba kusa ba. UNICEF ta ce a 2021 yara masu naƙasa a duniya sun kai kusan miliyan 240, wato ɗaya cikin goma, saboda haka ba gidanku kaɗai ba ne, illa dai mutane suna ɓoyewa.

Yaran ga sun fi sauran yawan ƙonewa da faɗawa ruwa da ɓata, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yaro mai lafiya in ya taɓa furno sau guda ya ji zafi to ya gama da shi, in anka ja mishi kunne kan rijiya zai riƙe. Shi kuwa wanga yana iya ƙonewa yau gobe ya koma wurin, ba taurin kai ba ne, ƙwaƙwalwar ce ba ta haɗa zafin jiya da wutar yau ba, wani kuma ya san haɗarin sarai amma jikin ba ya bin umarni, ko ciwon ya kada shi ba shiri. To tunda haka ne duka da tsawa ba za su yi aikin ba, abin da za a gyara shi ne gidan da tsarin tsaron, shi yaron a bi shi sannu.

Mataki na farko, ku san ta ina haɗarin naku yaron ke zuwa

Ba dukansu ke da matsala iri guda ba, nan ne mutane ke ɓata ƙarfi a banza. Mai farfaɗiya abokan gabarshi wuta da ruwa da bisa, domin faɗuwar ba ta sallama. Wani bincike da anka tattara a 2008 ya nuna masu farfaɗiya sun fi sauran mutane haɗarin mutuwa cikin ruwa da ninki 15 zuwa 19. Mai otizim kuwa fita ce matsalarshi, a Amurka an tambayi iyaye a wani bincike na 2012, kusan rabin yaran sun taɓa sulalewa daga wurin da anka aje su bayan sun kai shekara huɗu, kuma da yawansu ruwa na jan hankalinsu sosai. Wanda jiki ya sanƙare ba ya zuwa ko'ina amma shi ne ke shaƙewa da abinci, ya faɗo daga gado, ƙashinshi kuma bai da ƙwari tunda ba ya taka ƙasa. Kurma ba ya jin odar mota. Mai ƙiriniya sosai hawa katanga da tsallaka hanya ba dubawa.

Ku ɗauki sati guda kuna lura, in da mai rubutu a gidan ya riƙa rubutawa ko da ajami ne, ko ku yi ta aje murya cikin salula. Mi yake kai ma hannu, ina yake nufa in an buɗe ƙofa, wane lokaci ciwon ya fi tashi, mi ke harzuƙa shi har ya fara buga kai ga bango ko cizon hannunshi. Za ku ga yawancin tsautsayin yana da lokacinshi, galibi sa'ad da inna ke tuƙa tuwo gab da magariba maza sun tahi masallaci, ko da sassafe ana haramar 'yan lakwal.

Mataki na biyu, ku durƙusa ku zagaye gidan

Da gaske nake, ku sa gwiwa ƙasa ku bi tsakar gida daga zaure har bayan ɗaki a tsawon yaron. Abin da ido zai gani daga nan ƙasa daban ne. Ga butar shayi bisa furno gab da bakin tabarma, ga wutsiyar tukunyar miya ta leƙo, ga tano rabi da ruwa ba marfi da turmi kife kusa da shi kaman an aje mishi matakala, ga wayar kuran da anka jona da leda ta bi gindin bango, ga reza ƙarƙashin katifa.

Ku fara da wuta don ita ce ta fi yi muna ɓarna. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, na ƙiyasta mutum 180,000 ke mutuwa da ƙuna kowace shekara, mafi yawa a ƙasashe irin namu inda ake girki a ƙasa. Murhu ya samu shinge, ko da 'yar katangar bulo ce mai kai ƙugun babba da ƙyauren langa-langa, ba sai an kashe kuɗɗi masu yawa ba, magini zai tada ta wuni guda. Masu sana'ar suya a gida, ƙosai ko awara ko ƙuli-ƙuli, ku ne kan gaba a maganar ga, kaskon mai da anka sauke ya fi wanda ke kan wuta haɗari don hankali ya riga ya bar shi alhali yana nan da zafinshi, haka ma tukunyar kunu da ruwan wanka. Abin da anka sauke a kai shi inda hannu ba ya kai nan take, ba wai bari in gama kwashewa ba. Ruwan wanka a fara zuba na sanyi cikin bokiti kana a sirka da na zafi, a gwada da gwiwar hannu.

Sai goyo. Uwa ta goya yaron da jikinshi ke sanƙarewa ta duƙa kan tukunya, yaron in ya firgita baya yake banƙarewa da ƙarfi ya miƙe ƙafafu, zani ya kwance, kuma a duƙen nan kanshi yana daidai bisa wuta. In za ki yi girki ki sauke shi, ki zaunar da shi inda kina ganinshi amma tsakaninku da murhu akwai tazara. Lokacin ɗari kuma kar a kwana da garwashi cikin ɗaki an rufe ƙofa da taga, ban da gobara hayaƙin gawayi yana kashewa cikin barci ba wari ba komi. Toka mai zafi da ake zubarwa bayan gida a yayyafa mata ruwa tukun.

Ruwa. Ƙaramin yaro ko mai farfaɗiya yana iya nutsewa cikin ruwan da bai wuce tsawon yatsa ba in fuska ta kife, kuma ba a jin ƙara, ba ihu ba fantsama. Rijiya marfin ƙarfe da kwaɗo, ba faifai ko guntun kwano da dutse bisa ba. Tano da randa marfi mai nauyi, bahon wanki a zubar da an gama a kife shi. Bakin salga a duba shi musamman bayan damina in ƙasa ta zabtare. Mai farfaɗiya ko ya girma ya kai shekara goma sha kar ya yi wanka ya kulle ƙofa ta ciki, ya zauna ƙasa ya riƙa kamfata da moɗa, wani na tsaye waje yana jin motsinshi, kuma ɗiban ruwa a rijiya ba aikinshi ba ne, a ba shi wani aikin.

Sai abin sha da haɗiya, wanda a Maradi muna da namu na musamman. Esansin ruwa-ruwa da kananzir da ake zubawa cikin gorar lemu, yaron da bai rarrabewa gora kawai ya sani. Sodar da mata ke haɗa sabulu da ita in an jiƙa ta kaman ruwa take, kurɓa guda tana ƙone maƙogwaro har yaro ya kasa haɗiye abinci daga baya. Ga piya-piya, ga maganin ɓera, ga maganin feshin wake, ga ƙwayoyin kaka na hawan jini cikin leda bisa taga. Duka a tara su cikin akwatin ƙarfe guda mai kwaɗo a ɗora bisa, makullin ga mutum guda. Ƙananan batura masu kama da maɓalli na agogo da kayan wasa su ma a kiyaye, in ɗaya ya maƙale a maƙogwaro cikin awa biyu yana iya fara cin nama.

Mataki na ukku, a ambaci sunan mai tsaro

Gidan yawa yana da ruɗi, mutum goma na tsakar gida kowa na zaton wani na kallon yaron. Ranar suna ko biki abin ya fi muni, ga manyan tukwane kan wuta ga ƙofa a buɗe ga baƙi da ba su san halinshi ba. Maganin shi ne a faɗa da baki, gwaggo ga shi nan hannunki har in fito wanka, ita kuma ta amsa ta ce na karɓa, in za ta tashi ta miƙa ma wani da suna. Kar a ɗora ma 'yar shekara shidda ko bakwai, ita ma yarinya ce wasa zai ɗauke ta, kuma in wani abu ya faru ta ɗauki laifin har girmanta. Ku maza kuma dan Allah, uwa guda ba ta iya tsaron awa 24 ga daka ga wanki ga wani jaririn, uwar da ba ta yi barci ba ita ce ke mance marfin rijiya. Baban yara ya karɓi nashi lokacin ko daga la'asar zuwa isha'i ne, fada ba ta gudu.

Na san akwai gidajen da ke ɗaure yaro da igiya a ƙafa ko a kulle shi ɗaki a tahi unguwa, kuma na san gajiya ce ke kawo haka ba mugunta ba. Amma igiya tana yanka ƙafa, tana naɗe wuya, in gobara ta tashi ko ciwon ya kada shi ba mai ceto, kuma yaron da ake ɗaurewa ranar da ya kuɓuce gudun da zai yi ya fi na da. Gara a keɓe mishi wuri cikin inuwa da tabarma da shinge, ba komi mai cutarwa ciki, inda yake ganin mutane suna ganinshi.

Mataki na huɗu, ƙofar gida da hanya

Sakata ta koma sama inda ba ya kai, a rataya ƙararrawa ko gwangwani da tsakuwa jikin ƙyaure yadda da an taɓa za a ji. Daga nan sai abin da iyaye ke jin nauyinshi, wato gaya ma unguwa. Ku tahi da yaron wajen mai shago, mai shayi, 'yan fadar bakin layi, 'yan kabu-kabun da ke tsayawa kusa, liman, ku ce wanga ɗana ne ba ya magana, in kun gan shi shi kaɗai ku riƙe min shi ku kira lambar ga. Ɓoyon ba ya tsare shi da komi. A rubuta sunan unguwa da lambar waya a ɗinke jikin rigunanshi ta baya inda ba zai cizge ba, kuma a riƙa ɗaukar hotonshi sabo cikin salula.

In ya ɓata kar a tsaya neman shi gidan dangi tukun, a fara da ruwa mafi kusa, rijiya, kududdufi, ramukan da anka haƙa don bulo, manyan lambatu, in damina ce kuma kuna wajen Gulbi to can za a fara tura mutum, sannan bakin kwalta. A raba mutane kowa da inda za ya, wani ya tsaya gida, a sanar da mai unguwa a yi shela a masallaci, a kira lambar 'yan sanda 17, 'yan kwana-kwana 18.

Kan babur, yaron da ba ya riƙe jikinshi ko mai farfaɗiya kar a ɗora shi bisa tanki ko a baya shi kaɗai, ya zauna tsakanin manya biyu a lura da diddigenshi kar ya shiga waya ko ya taɓa salansa. In da hali adaidaita ta fi.

Mataki na biyar, ci da ɗauka ga wanda jiki ya sanƙare

Nan a natsu sosai. Kar a ba shi abinci yana kwance ko kai ya lanƙwashe baya, a zaunar da shi tsaye a tallabe, haɓa ta ɗan sunkuyo, cokali ƙarami, a jira ya haɗiye kafin na gaba. Ruwa tsararo ya fi saurin sarƙe su, kunu mai ɗan kauri ya fi sauƙin haɗiya. Ɗura kam a bar ta kwata-kwata, toshe hanci a zuba koko yana tura shi cikin huhu, daga nan sai zazzaɓi da ciwon haƙarƙari. Gyaɗa, aya, goriba, alawa mai tauri, nama mai jijiya, duk ba nashi ba ne. In yana tari ko ido na kawo ruwa duk lokacin cin abinci, ko muryarshi ta riƙa gurgura bayan ya sha abu, a gaya ma lokotoro. Bayan ci ya zauna kaman rabin awa kafin a kwantar.

Wajen ɗauka kar a fizgo shi ta hannu guda, kar a tanƙwara ƙafar da ta sanƙare da ƙarfi wajen sa wando, haka ake karya su ba a sani ba. Motsa gaɓɓai a koya wajen kine, wato ma'aikacin motsa jiki, a likita. Katifarshi ta sauko ƙasa. Wanda ba ya juyawa da kanshi a riƙa juya shi duk bayan awa biyu, a duba ƙugu da diddige da ƙeya, jan da bai baje ba gyambo ne ke tahe. Watan Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40 a riƙa ba shi ruwa ba sai ya nema ba, don ba ya iya cewa ƙishirwa, kuma inuwa tana gusawa shi ba ya iya bin ta. Mai trizomi 21 wasunsu gaɓar wuyansu sako-sako ce, a hana wasan alkafura da jefa shi sama.

Mataki na shidda, farfaɗiya

OMS ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu ita za su iya daina faɗuwa in sun samu magani daidai, kenan rigakafin ƙuna mafi girma ga yaran ga shi ne shan magani kan lokaci. Ko Gardénal anka rubuta ko Dépakine ko Tégrétol, kullum ne, ba a tsayarwa don an ga sauƙi, tsayarwa kwatsam tana tada ciwon fiye da da. A sayi na gaba tun saura na sati guda, a farmasi ba ga mai talla a rana ba. In maganin yana sa shi layi ko yawan barci ko ƙarin ƙiriniya a koma ga wanda ya rubuta ya gyara, kar a rage da kai. Addu'a da tofi ba su hana shan magani.

In ta tashi, a janye shi daga wuta ko ruwa, a sa zani ƙarƙashin kai, a sassauta wuyan riga, a duba agogo. Ba a danne shi, ba a cusa cokali ko yatsa baki, ba ya haɗiye harshenshi wlh, haƙora kawai za a karya. Ba a ɗura ruwa ko rubutu, ba a turara hayaƙi a hanci, ba a kara ƙafa ga wuta. Da jijjigar ta lafa a juya shi kan haƙarƙari yawu ya zubo. In ta wuce minti biyar, ko ta sake tashi bai farfaɗo ba, ko cikin ruwa ta same shi, sai likita da gaggawa. Kuma ku gaya ma duk gidan da maƙwabta cewa ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu ko ta taɓawa, wannan camfin shi ke sa mutane su watse su bar yaro cikin wuta, shi ya sa ƙunar masu farfaɗiya ke yin zurfi haka.

In tsautsayin ya riga ya auku

Ƙuna, ruwa mai sanyi na pampo ko na randa a yi ta kwararawa minti 20 cikakku, ba ƙanƙara ba, a cire riga in ba ta manne ba, a lulluɓe sauran jikin kar sanyi ya kama shi, a rufe wurin da ƙyalle mai tsabta. Ba man goge baki, ba ƙwai, ba gishiri, ba toka, ba kashin shanu, kar a fasa bororon. In ta fi tafin hannun yaron faɗi, ko a fuska take ko hannu ko al'aura ko kan gaɓa, a tahi likita. In ƙuna ta warke ta janye yatsu ko gwiwa ana aikin gyarawa, asibitin yara na CURE a Yamai yana irin wannan.

Ya sha esansi ko kananzir ko soda, kar a sa shi amai, kar a ɗura manja ko madara, aman ne ke kai man cikin huhu, sodar kuma ta sake ƙona hanya wajen fitowa. A ɗauki gorar a tahi da ita. In piya-piya ta zube mishi a jiki a tuɓe kayan a wanke da sabulu kafin a kama hanya.

Ya shaƙe ba ya iya tari ko kuka, a sunkuyar da shi a buga tsakanin kafaɗu da ƙarfi sau biyar, in bai fito ba a zagaye shi ta baya a danna saman cibiya ciki da sama sau biyar, a yi ta maimaitawa. Jariri ɗan ƙasa da shekara ba a danna mishi ciki, a kife shi bisa hannu a buga baya, a juyo a danna tsakiyar ƙirji da yatsa biyu. Wanda anka tsamo daga ruwa ba a riƙe shi kai ƙasa ko a matse ciki, in ba ya numfashi a hura mishi iska baki sau biyar a shiga danna ƙirji sau 30 hurawa biyu, kuma ko ya farfaɗo garau a kai shi a duba.

Karaya a fara yin radiyo, wato hoton ƙashi, kafin a yi maganar maɗori, ɗauri mai tsanani a kan hannun yaron da ba ya iya cewa ya matse ni yana kashe hannun. Ya bugu a kai yana amai ko barcin da ba a saba ba, likita. Tun 2006 duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne a likitocin gwamnati a Nijar, duk da wani sa'in sai an rubuto ordonas, a fara da CSI, wato ƙaramar likita ta unguwa, su ne za su tura babbar likita in abin ya fi ƙarfinsu.

Dubawar dare da koyarwa

Yaron da ba ya magana jikinshi ne ke faɗi, saboda haka wajen wankan yamma a duba shi tun daga kai har tafin ƙafa, cikin baki, kunne da hanci don suna cusa wake da tsakuwa, tsakanin yatsu. Sabon kuka, ƙin taka ƙafa, ƙin abinci, buga kai da ya ƙaru, sau da yawa haƙori ne ko kunne ko ƙaya, ba iskoki ba. In kunka ga shatar bulala, ko ƙuna mai siffar wani abu, ko ciwo a al'aura, ko ya fara firgita da wani mutum takamaimai, kar ku share. Mujallar likitoci ta Lancet a 2012 ta fitar da cewa yara masu naƙasa sun fi sauran fuskantar cin zarafi kusan ninki huɗu, mai yi ya san ba za su iya faɗi ba, kuma galibi wanda anka yarda da shi ne. A kai yaron likita, a raba shi da mutumin tun ranar.

Koyarwa kuma ana yi, amma abu guda lokaci guda da kalma guda. A fara da kalmar tsaya, a bakin ƙofa, kullum, kowa na gidan da kalmar nan, in ya tsaya a yaba mishi a tafa. Sai ta zauna mishi kana a ƙara wata kalmar, kaman zafi ko ba ni hannu. Wani wata guda wani shekara, kuma ko ya iya ba a cire sakatar.

In za ya lakwal ko makarantar allo ku zauna da malam tun ranar farko, ku ba shi takarda guda mai sunan yaron, lalurarshi, maganin da yake sha da lokacin sha, abin da za a yi in ya faɗi, abin da ke harzuƙa shi, da lambar waya biyu, ku roƙe shi ban da bulala kuma kar a zaunar da shi kusa da wutar karatun dare. Irin takardar a manna guda bayan ƙyauren ɗaki, guda cikin jakar da ake zuwa likita da ita tare da karnen rigakafinshi.